Kofin da Muka Riƙe Har Minti na 77

Wataƙila mai karatu zai yi mamakin ganin zancen tamaula a cikin shafukan da aka saba cikawa da waƙoƙi da gajerun labarai da sharhin littattafai. To, a yi mana haƙuri, a bi mu sannu a hankali. Ba sakamakon wasa muka zo bayarwa ba, domin wannan aikin 'yan jarida ne, kuma sun yi abinsu sun gama tun a shekarar 2018. Abin da ya dame mu shi ne wani yammaci guda ɗaya da ya ƙi fita daga zukatan ɗimbin jama'a a Kano da kewayenta, wanda har yau in an taɓo shi a majalisa sai ka ga dattijo da furfurarsa ya ajiye kofin shayi ya gyara zama. Amma in ka ce za ka nemo inda aka zauna aka rubuta shi da Hausa yadda ya kamata, lalle za ka sha yawo.

Da farko dai bari mu bambanta lig da kofi, saboda 'yan'uwa marubutan da ƙwallo ba ta dame su ba. Shi lig kamar noma yake. Ana farawa tun ruwan fari, a yi ta fama wata da watanni, gida da waje, yau a ci ka gobe ka ci wani, ana tara maki kamar yadda ake tara dami, wanda rumbunsa ya fi cika a ƙarshen kaka shi ne zakara. Wanda ya yi tuntuɓe a wannan mako yana da mako mai zuwa. Kofi kuwa sili-ɗaya-ƙwale ne. Ranar da aka doke ka, ranar za ka naɗe tabarmarka, sai kuma baɗi in da rai. Wasan ƙarshe na kofi shi ne ƙololuwar wannan rashin tausayi, domin ƙungiyoyi biyu ne suka tsallake kowane siraɗi suka iso wuri ɗaya, kuma tilas ɗaya ta koma gida da hannu biyu, ko da kuwa ita ta fi iya wasa a ranar.

Kofin da muke magana a kansa ya girmi 'yancin kan Nijeriya. A 1945 aka fara shi da sunan Kofin Gwamna, tsakanin ƙungiyoyin Legas, kuma Marine ce ta fara ɗaukarsa. Daga baya aka buɗe wa sauran sassan ƙasa ƙofa, sunansa kuma ya yi ta sauyawa. Iyayenmu da Kofin Ƙalubale suka san shi, kuma mu ma har gobe bakinmu can yake komawa, duk da cewa a lokacin da labarinmu ya faru sunan kamfanin Aiteo yake ɗauke da shi. Shekara takwas a jere kofin bai bar Legas ba, sai a 1953 da 'yan wasan Kano suka doke Dynamos ta Legas da ci 2 da 1. Kanawa ne ke nan suka fara fitar da shi daga bakin teku. Daga nan fa sai ƙishirwa ta sauka. Raccah Rovers ta zo ta ci lig a 1978 ta yi zamaninta ta wuce, kofi bai dawo ba. Aka kafa Kano Pillars a 1990, shekara ɗaya da kafuwarta ta kai wasan ƙarshe, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke ta da ci 3 da 2. Muna yara a lokacin, abin da muke iya tunawa shi ne fuskokin yayyenmu da suka kewaye rediyo, da yadda aka kashe rediyon ba tare da an jira sharhi ba.

Ba wai Pillars ba ta yi abin a zo a gani ba a tsakani. Ta ci lig a 2008, ta sake ci sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe. Filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya zama wurin da baƙi ke shiga gabansu na faɗuwa, kirarin “Sai Masu Gida” ya zaga ƙasa. Duk da haka, in gardama ta yi zafi tsakaninmu da magoya bayan wata ƙungiya, da zarar sun ga za mu fi su baki sai su jefo tambaya ɗaya: ina kofinku? Nan take sai bakinmu ya mutu.

Abin da kawai ke sanyaya mana rai a wancan zamani shi ne labarin mutanen Jos, waɗanda suka fi kowa sanin ɗacin wasan ƙarshe. Dattawa kan ba mu labarin 1972, lokacin da Bendel Insurance ta sa Mighty Jets a gaba da ci 2, 'yan Jos suka farke duka biyun a mintunan ƙarshe, aka ɗage wasa zuwa Badun, can kuma aka doke su 3 da 2. Sun yi ta zuwa bakin rijiya suna komawa da tulu a bushe, har sai 1999 da Plateau United ta kai musu kofin. Mukan ji wannan labari mu girgiza kai mu ce Allah sarki, ba mu san namu na nan tafe ba, kuma ya fi nasu ban mamaki.

Ranar Laraba ce, 24 ga Oktoba, 2018. Wurin wasa shi ne filin Stephen Keshi da ke Asaba, abokiyar karawa kuma Rangers ta Inugu. Duk wanda ya san hanya ya san ba a yi mana adalcin nisa ba, ko da yake ba laifin kowa ba ne. Mutumin Inugu zai karya kumallo a gidansa, ya biyo ta Anacha, ya haye gadar Kwara, ga shi a Asaba. Bakano kuwa sai ya ratsa Kaduna da Abuja da Lokoja, ya wuni ya kusa kwana a mota. Duk da haka akwai waɗanda suka tafi, wasu da kuɗin aro. Mu da alli ya riƙe wa ƙafa, gidan kallon unguwa muka nufa bayan an tashi daga makaranta. A allon ƙofar gidan kallon nan, inda kullum sunayen ƙungiyoyin Ingila da Sifen ake rubutawa, ranar sunan gida aka rubuta da manyan baƙaƙe. Benci ya cika, yara suka zauna a ƙasa, janareto na ta ruri a waje, zufa kuwa ba a magana.

Ba a fi minti biyar da take wasa ba Rabi'u Ali, wanda ake yi wa laƙabi da Pele, ya zura ta farko. Kafin mu gama murna, wajen minti na 20, Ibrahim Alhassan ya ƙara ta biyu. Aka tafi hutun rabin lokaci muna da 2, su ba su da ko ɗaya. A hutun nan ne wani tsoho da ke kusa da mu, wanda ya ga jiya ya ga yau, ya ce a dai bi a hankali, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Aka yi masa dariya, wani ya ce, “Baba, ai yau miyar ma tamu ce.” Da aka dawo, ko zama ba a gama yi ba Nyima Nwagua ya jefa ta uku.

A nan muke so mai karatu ya ɗan tsaya tare da mu, domin abin da ya faru cikin rabin sa'ar da ta biyo baya shi ne ainihin labarin, kuma shi ne ba ya fitowa a jarida. Tsakanin ƙwallo ta uku da minti na 77, mutanen Kano sun ci kofi. Ba muna nufin sun sa rai ba, a'a, sun ci sun haɗiye. Mun ga mutum ya fita da waya a kunne yana gaya wa ƙaninsa da ke Saudiyya cewa an gama. Mun ga wani mai Adaidaita Sahu ya tashi ya ce bari ya je ya sha mai tun kafin layi ya yi tsawo, domin yau zagayen gari sai asuba. Mai shayin ƙofar gidan kallo ya yi shelar cewa kofin farko kyauta ne ga kowa. Wasu suka fara gardamar ta wace ƙofa ya kamata a shigo da kofin cikin birni, da ko gwamnati za ta ba da hutu. Mu kanmu da muke taƙama da natsuwa irin ta malamai, zuciyarmu ta riga ta tsara abin da za mu faɗa wa wani abokin aikinmu washegari, kalma bayan kalma. Shekara 65 ana jira, ga abu ya zo har tafin hannu, wa zai ce kada a rufe hannu? Tsohon nan ma da ya yi mana gargaɗi, mun gan shi yana murmushi yana gyara hula.

A minti na 77 Kelvin Itoya ya farke ɗaya. Babu wanda ya damu ƙwarai. Har wani ya ce gara haka, a bar su da ta komawa gida, kada a ce mun yi rowa. Bayan kamar minti biyar Chidera Ezeh ya ƙara ta biyu. To, a nan ne gidan kallo ya canza kama. Hira ta ɗauke ɗif, sai ƙarar janareto da muryar mai sharhi. Kowa ya koma kallon agogon da ke kusurwar talabijin maimakon ƙwallo, kuma wanda bai taɓa lura ba ranar ya gane cewa minti ɗaya dogon abu ne. Masu carbi suka fito da carbi. Duk ƙwallon da ɗan bayanmu ya doka sama sai a yi ajiyar zuciya, kafin a sauke numfashi ta sake dawowa. Minti 90 ya cika muna da 3 suna da 2, saura 'yan mintunan da alƙalin wasa kan ƙara. A cikinsu ne Ibrahim Ajani ya farke ta uku.

Ba mu taɓa jin shiru irin na wannan lokaci ba, ko a ɗakin jarrabawa. Aka tafi bugun daga kai sai mai tsaron gida, amma gaskiyar magana tun kafin a ajiye ƙwallon farko yawancinmu mun san inda aka dosa. Ƙungiyar da ta taso daga kabari da wadda aka ƙwace wa tuwo a baki ba za su tsaya gaban raga da zuciya iri ɗaya ba. Rangers ta ci 4, muka ci 2. Mai Adaidaita Sahun nan ya dawo da tanki cike, yana danna ham tun daga bakin layi, ya tarar da mutane na fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar masu dawowa daga maƙabarta. Ya tambayi me ya faru, aka rasa mai ba shi amsa. Sai wani yaro ne ya gaya masa, shi kuwa ya ɗaga hannu zai mari yaron don ya ɗauka wasa yake masa.

Daren nan da kwanakin da suka biyo baya majalisu sun rabu kashi-kashi. Wasu suka ce an koma tsaron gida da wuri, alhali mai ci 3 kamata ya yi ya nemi ta huɗu. Wasu suka ɗora wa alƙalin wasa, kamar yadda aka saba tun ran gini tun ran zane. Wasu kuwa, kuma ba su da kaɗan, suka rantse cewa ba banza ba, an yi aiki, ƙwallo uku cikin ɗan wannan lokaci ba aikin ƙafa ba ne. Mu dai a namu ganin, wannan magana ta ƙarshe rowa ce kawai, rowar yabo. Mutane goma sha ɗaya an ci su 3, saura minti 13, jama'arsu sun fara ficewa daga zuciyarsu, amma suka ƙi sallamawa. In da namu ne suka yi haka, da har yau ana yi musu kirari, da babu wanda zai ce asiri ne. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne, yadda zukatanmu suka tafi biki tun wasa bai ƙare ba, ba abin mamaki ba ne in na cikin fili su ma ɗan Adam ne irinmu.

Abokin aikin da muka ambata ɗazu malamin Kimiyya ne a makarantarmu, Inyamuri haifaffen Sabon Gari, yana jin Hausa kamar jakin Kano, kuma Rangers yake bi tun yana cikin zanen goyo. Ranar Alhamis muka shiga ofishin malamai muna jan ƙafa, mun shirya wa tsiya, domin da mu muka ci da ba za mu raga masa ba. Muka same shi yana duba littattafan ɗalibai. Ya ɗago kai, ya miƙe, ya ba mu hannu ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa ba alamar dariya, yana cewa, “Malam, ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri?” kamar mai ta'aziyya. Sai da ya zaga kowa sa'an nan ya fashe da dariya, mu ma ba mu san lokacin da muka bi shi ba. Wallahi da zagi ya yi da ya fi mana sauƙi.

Da aka natsa ne ya gaya mana abin da ya sa bai yi barci ba shi ma. Ya ce mahaifinsa ya dawo Kano bayan yaƙin basasa ba shi da komai, domin kowa ya san duk abin da mutum ya bari a banki fam 20 aka ba shi. A shekarar da yaƙi ya ƙare, wato 1970, aka kafa Rangers, kuma ga mutanen da suka sha kaye suka binne 'ya'yansu, wannan ƙungiya ita ce wuri na farko da suka sake jin an ambaci sunansu tare da nasara. Ta ɗauki wannan kofi a 1974 da 1975 da 1976, ta ɗauko kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1977, zamanin su Christian Chukwu da dogon golan nan Emmanuel Okala. Ya ce mahaifinsa ba ya kuka a gaban yara, amma in Rangers na wasa yakan shiga ɗaki da rediyo ya rufe ƙofa. Rabon ƙungiyar da kofin tun 1983, shekara 35 ke nan, tsohon kuma bai kai ga ganin na Asaba ba. Sai muka ga ashe lissafin da muke yi rabi ne. Mu muna ƙirga 65, su suna ƙirga 35, ƙishirwa biyu ce ta haɗu a bakin rijiya, guga kuwa ɗaya.

Shi ne kuma ya jawo hankalinmu ga wani abu da zafin kaye ya hana mu gani. Ya ce mu dubi sunayen. Wanda ya ci wa Kano ta uku sunansa Nwagua, wanda ya kashe Kano sunansa Ibrahim. Muka kuma tuna da Chinedu Udoji, ɗan bayan Pillars da ya rasu a haɗarin mota a Kano a watan Fabrairu na wannan shekarar, jim kaɗan bayan wasa da tsohuwar ƙungiyarsa Enyimba, da yadda Kanawa suka yi jimaminsa kamar ɗan cikin Ƙofar Mata. Masu son raba ƙasar nan gida biyu da wuƙa sun so su mai da wasan Asaba yaƙin Arewa da Gabas, amma takardar sunayen 'yan wasa ba ta ba su haɗin kai ba.

Da muka shiga aji biyar a wannan safiya, muka ga babu amfanin buɗe littafin nahawu, don babu mai saurare. Sai muka rubuta a allo: “Wasan Jiya”, muka ce kowa ya yi insha'i shafi ɗaya. Abin da muka karɓa ya koya mana wani abu game da rubutu wanda muke ganin ya dace da wannan mujalla. Mafi yawan ɗaliban, musamman waɗanda suka fi kowa sanin ƙwallo, jarida suka kwaikwaya. Wane ya ci a minti kaza, wane ya farke a minti kaza, alƙali ya yi son kai, Allah ya isa. Babu kuskure a ciki, amma in ka karanta ɗaya ka karanta arba'in. Guda biyu ne suka tsaya mana a rai, kuma har yau suna cikin wata tsohuwar jaka a gida.

Na farko wani yaro ne mai shiru-shiru, ɗan wani tela. Bai ambaci sunan ɗan wasa ko ɗaya ba. Ya ce da aka ci ta uku babansa ya tashi daga kan keken ɗinki ya yi wa 'ya'yansa alkawarin tsire, abin da sai da salla suke gani. Da wasa ya ƙare yadda ya ƙare, babu wanda ya yi ƙarfin halin tuna masa. Can bayan Isha sai suka ga ya sa takalmi ya fita, ya dawo da ƙunshin tsire a takarda, ya ajiye a tsakar gida, ya ce alkawari alkawari ne, ya shige ɗaki bai ci ko yanka ɗaya ba. Yaron ya rufe da cewa sun cinye, amma shi bai ji daɗin yajin ba.

Ta biyu yarinya ce da ba ta kalli wasan ba sam, tana tsakar gida tana taya innarta tuƙin tuwo. Ta ce ta bayan katanga ta bi wasan. Unguwa ta yi ihu sau uku, ta san an ci uku. Daga nan sai ta ji wani irin sauti da ba ihu ba, kamar an taka wa mutane da yawa ƙafa a lokaci ɗaya, shi ma sau uku. Sa'an nan ba ta sake jin komai ba sai kukan akuya. Da yayanta ya shigo ba ta tambaye shi ba, ta dai rufe masa tuwonsa, da safe ta ɗumama wa ƙannenta.

Waɗannan yara biyu ba su san dokar satar gida ba, amma su ne suka rubuta wasan. 'Yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, sukan zo mana da kukan cewa ba su da abin rubutawa, duk labarai an riga an bayar, shi ya sa sai a koma kan ɗan Alhaji mai mota da 'yar talaka mai kyau, a juya su gaba a juya su baya. Ba mu raina labarin soyayya ba, mun karanta mun kuma ji daɗi. Amma abin mamaki ne a ce samarin da ke cikin littattafanmu da wuya ka ga wanda yake da ƙungiyar da yake bi, alhali samarin da ke kan titunanmu da wuya ka ga wanda ba shi da ita. Harshen ma ya riga ya shirya, mu yake jira. Masu sharhi a rediyo da 'yan majalisa sun ƙera mana kalmomi masu rai: a zura, a farke, a yi kunnen doki, a yanke mutum a bar shi zaune, a tsaya daga kai sai mai tsaron gida. Wannan na ƙarshe ma shi kaɗai labari ne cikakke in an lura da shi.

Dalilin da ya sa muke ganin abin da gaggawa shi ne 1953. Babu shakka ranar da labarin wannan nasara ya iso Kano an yi wani abu a Kasuwar Kurmi da Fagge da Sabon Gari, akwai wanda ya yi alkawari, akwai wadda ta ji ta bayan katanga. Amma abin da ya iso hannun yawancinmu layi ɗaya ne a jerin sakamako: Kano 2, Dynamos 1. Waɗanda suka ga abin da idonsu sun tafi da sauran. Ɗalibanmu na yau kuwa za su lissafa maka 'yan wasan Arsenal da Real Madrid har da na benci, su gaya maka kuɗin da aka sayi kowanne, amma waɗanda suka shigo makaranta a bana suna 'yan ƙanana lokacin wasan Asaba, kuma in ka ce musu an taɓa cin 3 aka farke a minti 13, sai su tambaye ka a wace ƙasa.

Allah da ikonsa, wata tara kacal bayan wannan, ranar Lahadi 28 ga Yuli, 2019, Pillars ta sake kai wa wasan ƙarshe, wannan karon a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, da Niger Tornadoes ta Minna. Kano ta kwashe ta koma Kaduna. Aka tashi babu ci, aka sake zuwa bugun daga kai sai mai tsaron gida, kuma mun san mutanen da suka juya wa fili baya a lokacin, suka ce ba za su iya kallo ba, a gaya musu kawai. Pillars ta ci 4 da 3. Bayan shekara 66 kofi ya dawo Kano, aka yi zagayen garin da aka fasa, mai shayi ya cika alkawarinsa na bara. Mun yi murna ƙwarai, kada a ce ba mu gode ba. Sai dai ga wani abu da muka lura da shi: in ka tambayi ɗan majalisa labarin Kaduna, cikin jimla biyu zai gama maka. In ka tambaye shi na Asaba, sai an sake ɗora buta. Yana tuna inda ya zauna, da wanda ke gefensa, da rigar da ke jikinsa, da maganar da ya yi wadda ya so a ce bai yi ba. A Kaduna kofi aka ba mu muka ajiye a kabad. A Asaba kuwa an nuna mana kanmu, yadda muke in mun samu da yadda muke in an karɓe, duk a zama ɗaya.

Duniya kuma ba ta tsaya ba. A 2022 Pillars ta faɗo daga babban lig, abin da ba mu taɓa kawowa a rai ba a zamanin da take ɗaukarsa a jere, ta kuma hauro a 2023. A wannan shekara ta 2023 Rangers ta sake kai wa wasan ƙarshe na kofin, a wannan fili dai na Asaba, Bendel Insurance ta doke ta da ci 1 da nema. Washegari muka riga malamin Kimiyya isa ofis, mu shida, muka jeru a bakin ƙofa muka sunkuyar da kai. Da ya shigo muka miƙa masa hannu ɗaya bayan ɗaya muna cewa, “Malam, ya haƙuri?” Ya dube mu, ya ajiye jakarsa, ya ce, “Haƙuri sai ma'aiki. Amma dai mu ɗaya aka ci mu, kuma ba mu sha mai ba tukuna.”